Kayan Aro Ba Ya Rufe Katara? Ƙafar Roba da Ƙoƙon Bara a Ebute Meta

Duk Bahaushen da ya san Ikko ya san Ebute Meta. Nan ne hedikwatar hukumar jiragen ƙasa ta Nijeriya, kuma tun da aka haɗa Ikko da Kano da layin dogo a shekarar 1912 unguwar ta zama ɗaya daga cikin masaukan mutanen Arewa, kamar yadda Agege da Idi-Araba da Obalende suka zama. Sunayen titunanta ma sun isa shaida, domin akwai titin Kano, akwai kuma titin Barno. Sai dai titin Kano na Ebute Meta bai gaji garin da ya ci sunansa wajen fatauci ba. Da bara ya yi suna. Kusa da shi, a Okobaba, unguwar da aka sani da kasuwar katako a bakin ruwa, gwamnatin Jihar Legas ta gina gidan da ta tsugunar da mabarata, mafi yawansu 'yan'uwanmu ne daga Arewa. Sun kasu gida uku, wato makafi da guragu da kutare, kowane ɓangare da sarkinsa.

Daga nan, idan mutum ya bi titin Herbert Macaulay ya ratsa Yaba ya ɓulla Jibowu, 'yan kilomitoci kaɗan zai ƙara ya tarar da asibitin ƙashi na Igbobi. Asalinsa sansani ne da Turawan mulkin mallaka suka kafa a lokacin yaƙin duniya na biyu domin jinyar sojojin da suka komo da raunuka, aka mayar da shi asibiti a 1945. Kowa kuwa ya san yawan 'yan Arewa cikin sojojin da aka kai yaƙin Bama. A Igbobi ana ƙera ƙafafu da hannaye, akwai ma kwalejin da ke horar da masu ƙera su. Takwaransa na Dala a Kano an buɗe shi a 1959.

To, ga mai neman ƙafa, ga inda ake ƙera ƙafa, tsakaninsu tafiyar da ba ta kai rabin sa'a ba idan hanya ta yi kyau. Me ya hana su gamuwa? Amsar da ta fi kusa da baki ita ce kuɗi, kuma gaskiya ce. Amma muna ganin a ƙarƙashinta akwai wasu tambayoyi biyu da suka fi ta nauyi. Ta farko: shin abin da aka ƙera da roba da ƙarfe yana iya zama jikin mutum, ko kuwa har abada kayan aro ne? Ta biyu: idan har ya zama, me ya rage a wuyanmu, mu da muka saba jefa tsaba a ƙoƙo mu wuce?

Kafin mu shiga, tilas mu warware wani ƙulli da harshenmu ya ƙulla. Kalmar "gurgu" ta tattara mutanen da larurarsu ba ɗaya ba ce. Akwai wanda shan inna ya shanye wa ƙafa tun yana ƙarami. Shi ƙafarsa tana nan, ƙarfi ne babu, abin da yake bukata ƙarafunan tallafi ne ko keken hannu. Da yawa daga cikin guragun da ake gani a titunan Ikko irin waɗannan ne, ragowar zamanin da cutar take cin karenta babu babbaka. Ba a sake samun ƙwayar cutar ta asali a Nijeriya ba tun bayan wadda aka gani a Barno a 2016, kuma a watan Agusta na 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da ita. Akwai kuma wanda aka yanke wa gaɓa, mai dungu ke nan, shi ne wanda maganarmu ta fi shafa. Abubuwan da suke kai mutum ga wannan sanannu ne: haɗarin acaɓa da na mota, ciwon sukari da ke ruɓar da ƙafa daga ɗan gyambon da aka raina, bam da harsashi a yankin Arewa maso Gabas, sai kuma ɗorin da aka ɗaure tamau har jini ya daina gudana nama ya mutu. Wannan na ƙarshe likitocin ƙashi a Arewa sun daɗe suna kuka da shi, musamman a kan yara. (A nan ya kamata mu manazarta harshe mu ɗan ji kunya. Mu ne muke cewa "gurguwar shawara" da "gurguwar fahimta", muna cewa an "gurgunta" tattalin arziki. Duk abin da ya lalace sai mu ara masa sunan mutumin da bai ɓata mana komai ba. Mun sauya masa suna a takarda zuwa "mai bukata ta musamman", amma tsohon sunan yana nan yana yi mana aikin zagi.)

Mai kallo daga nesa yakan zaci tafin ƙafar shi ne muhimmin abu a ƙafar roba, tunda shi ya fi kama da abin da aka rasa. Masu sana'ar sun san ba haka ba ne. Ran ƙafar yana can sama, a gurbin da dungu yake shiga. Allah bai halicci tsakiyar ƙwauri don ya ɗauki nauyin mutum ba, saboda haka idan aka bar nauyi ya sauka a ƙarshen dungu, fata za ta sale, gyambo ya biyo baya. Dabarar da injiniyoyin Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suka fito da ita a ƙarshen shekarun 1950 ita ce a sassaƙa gurbin ta yadda nauyi zai hau kan jijiyar da ke ƙarƙashin ƙoƙon gwiwa da sauran wuraren da suke jure matsi, a kuma bar sarari inda ƙashi ya turo. Don haka ba a ƙera gurbi biyu iri ɗaya. Sai an naɗe dungun da filasta an ɗauki siffarsa, an zuba an fitar da kwatankwacinsa, an kankare nan an ƙara can, sannan a narka roba a lulluɓa a kai. A yau wasu wurare suna ɗaukar siffar da na'urar haske su buga gurbin da injin, amma har yanzu ido da hannun mai ƙira ne suke yanke hukunci. Ƙasan gurbin akwai bututun ƙarfe a madadin ƙwauri, sai tafin ƙafa. Wanda aka yanke a cinya kuma sai an ƙara masa gwiwa, kuma a nan ne wahala take ninkuwa. Bincike ya daɗe da nuna cewa ƙarfin da yake kashewa wajen tafiya ya ɗara na mai ƙafa biyu da fiye da rabi, alhali wanda aka bar wa gwiwarsa ƙarin nasa bai kai haka ba ko kusa. Shi ya sa likitan da ya san aikinsa yake fafutukar ceton gwiwa kamar mai ceton rai.

Abin da ba a cika faɗa wa masu kyauta ba shi ne, dungu abu ne mai rai, gurbi kuwa matacce ne. A watannin farko dungu yakan motse, gurbin da ya zauna daram jiya ya koma yana kwaɓe-kwaɓe. Mutum ya yi ƙiba ko ya rame, dole a sake awo. Zafi da gumin Ikko suna jiƙa safar da ke ciki, su jawo ƙaiƙayi da ƙuraje. Tafin ƙafar yakan cinye cikin 'yan shekaru. Yaro kuwa kullum girma yake yi, ƙafar bara ba ta yi masa bana. Wannan ne ya sa gidauniyar Irede, wadda Crystal Chigbu ta kafa a Ikko a 2012, ta keɓe aikinta ga yara. Ashe ke nan wanda ya ba mutum ƙafa sau ɗaya, aka ɗauki hoto aka watse, bai gama ba shi ƙafa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2017 cewa mutum miliyan 35 zuwa 40 ne a duniya suke bukatar gaɓoɓin roba ko ƙarafunan tallafi, kuma ɗaya cikin goma ne kawai yake samun irin waɗannan kayan taimako. Wannan lissafin masu samu ne. Lissafin waɗanda suka samu suka jingine a bayan ƙyaure daban yake.

Dalilin jinginewar shi ne darasin da ya fi kowanne amfani a gare mu, kuma daga Indiya ya zo. A birnin Jaipur, wani likitan ƙashi mai suna P. K. Sethi ya lura cewa talakawan da aka sa wa ƙafa irin ta Turai suna komawa ga sanda. Ƙafar ba ta da aibi a wurin wanda aka ƙera ta dominsa, wato mutumin da yake sa takalmi sau-ciki daga safe zuwa dare, yake zama a kujera, yake tafiya a daɓe. Idon sawunta a sandare yake, ba ya lanƙwasa. Manomin Indiya kuwa a ƙasa yake zama, tsuguno yake yi, yana shiga laka ba takalmi, yana cire takalmi a ƙofar wurin ibada. Sai Sethi ya haɗa kai da wani mai sana'ar hannu, Ram Chander Sharma, wanda ba likita ba ne ba kuma injiniya ba, suka fito da tafin ƙafa na robar taya da katako a 1968, mai yatsu, mai lanƙwasa, wanda ruwa ba ya ɓata shi. Daga 1975 wata ƙungiyar agaji a birnin ta shiga raba shi kyauta, ya bazu ƙasashe da dama. A Ikko ma gidauniyar kamfanin Tolaram ta shafe shekaru tana sa wa mutane irinsa ba da ko kwabo ba. Duk wanda ya dubi rayuwar Bahaushe zai ga ta fi kusa da ta manomin nan. A tabarma muke ci, a tsugune muke gaida manya, sau biyar a yini muna tuɓe takalmi mu yi sujada mu zauna zaman tahiya. Ƙafar da ba ta san wannan ba, ko da ta kai ta kamfanin Otto Bock na Jamus, wadda tun 1997 take ɗauke da 'yar ƙwaƙwalwar kwamfuta a gwiwa tana auna kowane taku, ƙafar wani ce aka ɗaura mana. Kuɗinta dubban daloli ne masu yawa, tana bukatar caji, gyaranta kuma ba na bakin titi ba ne. Ƙungiyar Red Cross ta ƙasa da ƙasa ta fahimci haka, shi ya sa tun farkon shekarun 1990 ta zaɓi roba mai araha wadda ake iya sarrafawa a kowace ƙasa, kuma da taimakonta aka buɗe cibiyar ƙera gaɓoɓi a asibitin koyarwa na Jami'ar Maiduguri a 2020.

Yanzu sai tambayarmu ta farko. Bahaushe ya ce kayan aro ba ya rufe katara. Idan muka ɗauki karin maganar a kan fuskarsa, hukunci ya riga ya fita: abin da ba a haife ka da shi ba ba naka ba ne. Malaman fiƙihu ma, ta wata fuska, sun raba tsakanin biyun, domin a wurinsu gaɓar da aka yanke gaba ɗaya farillar wanke ta a alwala ta faɗi, abin da ya saura daga wurin farilla shi ake wankewa. Amma lamarin iyakar jiki bai kai haka sauƙi ba. Ibnu Sina, wanda ya rasu a 1037, ya kawo misalin mutumin da aka halitta yana shawagi a sarari, ba ya gani, ba ya ji, gaɓoɓinsa ba sa taɓa juna; ya ce duk da haka zai san akwai shi. Manufarsa ita ce zatin mutum bai rataya ga hannu ko ƙafa ba. Idan haka ne, wanda aka yanke wa ƙafa bai ragu da komai ba a mutuntakarsa, kuma wannan hukunci ne da muke karɓa hannu bibbiyu. Sai dai jiki yana da tasa shaidar. Mafi yawan waɗanda aka yanke wa gaɓa suna ci gaba da jin ta. Mutum ya ji yatsan da aka binne bara yana yi masa ƙaiƙayi, ko ya tashi cikin dare ya taka ƙafar da babu ita ya faɗi. Masanin falsafar nan na Faransa, Descartes, ya ambaci wannan a 1641 a matsayin dalilin shakkar abin da gaɓoɓi suke gaya mana, kuma likitan Amurka Silas Weir Mitchell, wanda ya yi jinyar sojojin yaƙin basasar ƙasarsu, shi ya raɗa masa sunan fatalwar gaɓa a 1871. A ƙwaƙwalwa akwai taswirar jiki, wuƙar likita ba ta kai can ba.

Wannan taswira kuwa, kamar yadda take ƙin sakin abin da ya tafi, haka take karɓar abin da ya zo. Wani masanin Faransa, Merleau-Ponty, ya yi misali da sandar makaho a 1945: wanda ya saba da ita ba a tafin hannunsa yake jin ta ba, a ƙarshenta yake jin ƙasa. Ba sai mun je Faransa ba, kowane ɗan jagora a Okobaba ya san haka, kuma duk wanda ya taɓa sandar makaho ba da izini ba ya san jikinsa ya taɓa. Mai ƙafar roba da ta zauna masa daidai yakan kai matsayin da zai bambance yashi da kwalta ta hanyar abin da dungunsa yake ji a cikin gurbi. Jiki ya fi kunne ji, in ji Bahaushe. A ranar da mutum ya manta yana sanye da ita, ya tsallake kwata hankalinsa yana kan cinikin da zai yi, a ranar ta zama tasa.

Akwai kuma wata ruwaya da Abu Dawuda da Tirmizi suka kawo game da sahabi Arfaja ɗan As'ad, wanda aka sare wa hanci a yaƙin Kulab tun zamanin jahiliyya. Ya sa hancin azurfa, ya yi masa wari, sai Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce shi ya sa na zinariya, alhali zinariya haramun ce ga maza. Abin lura, hancin ƙarfe ba ya shaƙar ƙanshi. Amfaninsa ɗaya ne, ya mayar wa mutum fuskar da zai shiga jama'a da ita, kuma an ga wannan ya isa dalilin sassauta hani. Don haka kada mu raina wanda ya damu da launin ƙafarsa. Shekara da shekaru ana ɗaura wa baƙar fata gaɓoɓi masu launin fatar Bature, har sai da irin su John Amanam, wani mai sassaƙa a Uyo, suka shiga ƙera yatsu da kunnuwa da hannaye masu launin masu su. Ga Bahaushe ma abin ya fi haka zurfi idan hannun dama ne ya tafi, hannun ci da gaisuwa da karɓar kyauta.

Hukuncinmu a nan shi ne karin maganar bai yi ƙarya ba, mu ne muke kuskuren gane abin da ake nufi da aro. Abu yana zama na aro idan mai shi na iya zuwa ya karɓe, ko kuma idan ya lalace ba ka da ikon gyara shi. Ƙafar da aka kawo daga wata ƙasa a bikin yini ɗaya, babu mai gyara ta a kusa, babu kuɗin sabon gurbi, aro ce ko da an rubuta sunan mutum a jikinta. Wadda kuwa ya san inda zai kai ta ranar da ta fara cizonsa, tasa ce kamar haƙoransa.

Tambaya ta biyu ita ce mai ɗaci. Mu ɗauka an yi komai daidai. Wani magidanci da acaɓa ya kawo shi Ikko, acaɓa kuma ya raba shi da ƙafa, ya zauna a titin Kano shekara biyar, sai aka sa masa ƙafa mai kyau, wando ya rufe ta. Me ya samu, me ya rasa? Ya samu tafiya. Ya rasa abin da yake ci da shi, domin dungun nan da yake buɗewa shi ne shaidar da take sa mai wucewa ya sa hannu a aljihu. Sana'ar da ya sani kuwa an rufe ta, tunda daga 1 ga Yuni, 2022 gwamnatin jihar ta haramta acaɓa kwata-kwata a ƙananan hukumomi shida, ciki har da wadda Ebute Meta take ciki. Dako ba zai yiwu masa kamar da ba. Dokar tarayya ta hana nuna wa naƙasassu bambanci, wadda aka sa wa hannu a watan Janairu na 2019, ta ware musu aƙalla kashi 5 cikin ɗari na guraben aikin gwamnati, Jihar Legas ma tana da tata dokar tun 2011. Amma gurbin aikin gwamnati na mai takarda ne, mutuminmu kuwa allo ya yi. A idon mai sadaka ya warke, a idon mai ɗaukar aiki har yanzu gurgu ne. Idan wannan mutum ya cire ƙafar da safe ya ajiye a ɗaki ya fita da ƙoƙo, ya sa ta da yamma ya tafi masallaci, me za mu kira shi?

Da yawa za su ce mayaudari ne. Mu ba mu ga yaudara a nan ba. Ƙafar da ya nuna babu, da gaske babu ita. Yunwar 'ya'yansa ma ba ta roba ba ce. Abin da ya yi shi ne ya karanta mu daidai. Ya gane cewa tausayinmu a ido yake, ba ma ba da sadaka sai mun ga rauni a buɗe. Idan akwai abin zargi, rabonmu a ciki ya fi nasa.

Bara a zangon Hausawa na Kurmi ba hargitsi ba ne kamar yadda baƙo yake zato. Abner Cohen, wanda ya yi nazarin unguwar Sabo ta Ibadan ya wallafa a 1969, ya tarar da ita a tsare, da shugabanninta na makafi da guragu da kutare, da masaukai, da ƙa'idojin zama. Tsarin ya rayu ne domin yana biya wa ɓangare biyu bukata. Marubuciyar Sanigal Aminata Sow Fall ta fito da ɓangare na biyun fili a littafinta La Grève des bàttu na 1979, inda wani babban ma'aikaci ya kori mabarata daga titunan birni, daga baya malaminsa ya ce ba zai sami muƙamin da yake nema ba sai ya raba musu sadaka a wuraren zamansu na titi, su kuwa suka ƙi komawa. Labarin Wolof ne, amma babu Bahaushen da zai karanta bai ga kansa ba. Wanda aka ce ya yi sadakar ƙosai ko farin goro ko tsaba bakwai, ina zai kai idan babu mai karɓa? Ɗan kasuwar Oyingbo da zai buɗe shago, da matar da take neman haihuwa, da ɗan siyasar da zaɓe ya matso, Musulmi da wanda ba Musulmi ba, duk sun san hanyar titin Kano. Muna bukatar mabaraci a inda yake, a yadda yake. Ƙafar roba tana barazana ga wannan ciniki, kuma muna zargin cewa wannan yana cikin dalilan da suka sa al'ummar da take kashe dukiya mai yawa a sadakar yau da gobe ba ta taɓa ɗaukar ƙera ƙafa a matsayin babbar sadaka ba.

Za a iya ce mana: ashe kuna wanke bara ke nan? A'a. Addini ya kyamaci roƙo ga mai iko, al'ada ma ta san zafin nema ya fi sanyin roƙo daraja. Amma a dubi yadda aka raba mutum da roƙo a ruwayar da Abu Dawuda ya kawo. Wani mutumin Madina ya zo yana roƙo, sai Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa aka sayar da shimfiɗarsa da ƙwaryarsa dirhami biyu, ɗaya na abincin iyali, ɗaya na ruwan gatari. Da hannunsa mai albarka ya sa wa gatarin ƙota, ya nuna masa sana'ar itace, ya ɗebar masa kwana goma sha biyar. Mutumin ya komo da dirhami goma. Masu wa'azi sukan tsaya a kan gatarin. Mu abin da ya fi jan hankalinmu shi ne dirhamin abinci, da ƙotar da aka daidaita, da kasuwar da take jiran itacen, da ranar komowa. Mai raba ƙafa a bikin yini ɗaya ruwan gatari kawai ya miƙa. Kuma ko an cika sauran, muna ganin mutum yana da haƙƙin ya ce ba ya so. Dattijon da ya shekara talatin a kan keken hannu, ya ƙware, ƙafar da za ta sa shi haki da gyambo ba lalle ta fi masa ba. Waɗanda shan inna ya kama sun nuna mana cewa tsayuwa a kan ƙafa biyu ba ita kaɗai ce hanyar zama cikakken mutum ba: a Kano sun kafa ƙungiyar da take ƙera kekuna masu ƙafa uku tana sayarwa, kuma Misbahu Lawan Didi ya ƙirƙiro ƙwallon guragu a 1988, wasan da ya bazu jihohi da dama. Ƙafar da aka ɗaura wa mutum don idonmu ya huta da ganin dungu, mu aka yi wa ita.

Wani abin mamaki shi ne yadda muka bar sana'ar ga wasu. Al'ummar da take da maƙera da dukawa da masassaƙa da majema, wadda 'ya'yanta suke kwance injin babur a bakin titin Agege su mayar cikin sa'a biyu, ba ta rasa hannun da zai koyi sassaƙa gurbi ba. Sharma na Jaipur daga irin wannan gida ya fito. Kwalejin tana nan a Igbobi. Da sarakunan Hausawa na Ikko da attajiran goro da na shanu za su ɗauki nauyin yara kaɗan duk shekara, daga cikin 'ya'yan Okobaba ɗin kansu, su kuma ware wani abu daga zakka ko waƙafi don sabunta gurbi kawai, da an sami mai gyaran da yake jin harshen mai ƙafa. Sarakunan guragu da na kutare, waɗanda suka san kowa da larurarsa, su ne ya kamata a fara tambaya, ba a zo musu da kaya a mota ba.

Batun harshe kuwa namu ne, mu na sashen Hausa. Kalmomin da muka yi amfani da su a nan, irin su gurbi da fatalwar gaɓa, lalube ne, ba a zauna an daidaita su ba. Ga wanda yake kwance a gadon asibiti wannan ba ƙaramin giɓi ba ne. Ana zuwa masa da takarda cikin Ingilishi a ce ya dangwala, abin da tafinta ya iya gaya masa kawai shi ne za a yanke. Babu wanda ya bayyana masa a ina za a yanke, da me za a bari, da irin tafiyar da zai yi bayan wata shida. Babu wanda ya tuna masa da Urwatu ɗan Zubairu, ɗaya daga cikin manyan malaman fiƙihu bakwai na Madina, wanda aka yanke wa ƙafa a Dimashƙa zamanin halifa Walidu ɗan Abdulmalik saboda ruɓa, ya koma gida ya ci gaba da karantarwa. Abin da yake gani a ransa shi ne titin Kano, da tsoron zuwa kabari ba cikakke ba. Sai 'yan'uwa su ɗauke shi cikin dare su koma wurin maɗori. Ruɓa kuwa hawa take yi. Sa'ad da za a dawo da shi bayan 'yan kwanaki, wuƙar da za ta tsaya a ƙwauri sai ta hau cinya, gwiwar da likita yake son ceta ta tafi.